Jinina ya hau, amma ina lokacin zuwa asibiti?

Tambaya: Likita, shekarata 46, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Watan jiya abokina da muka taso tare ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa bayan la'asar. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, magana ma da ƙyar. Tsoro ya sa na shiga kyamis aka auna ni, aka ce jinina 162 bisa 101 ne, ni kuwa garau nake jin kaina. Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, ga mahaifiyata a garinmu, ga ƙanne da nake ɗauke da karatunsu. Da sassafe nake fita, ba na dawowa sai bayan isha'i. Kowa cewa yake in kula da lafiyata, in riƙa hutawa. To ina lokacin yake? In na zauna wa zai riƙe gidan? Kuma an ce maganin hawan jini in ka fara ba ka dainawa, har yana rage wa namiji ƙarfi.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba abokinka lafiya, ya sa abin da ya same shi ya zama kaffara. Na yi sama da shekara 20 ina duba manya a asibitin gwamnati, kuma irin tambayarka ce nake fatan samu kullum. Yawanci ba maigidan ne ke zuwa da ƙafarsa ya tambaya ba, 'ya'yansa ne ke ɗauko shi a bayan mota bayan an makara.

Zan fara da maganarka ta "garau nake jin kaina", don a nan mutanenmu suka fi yin asara. Mun taso da sanin ciwo irin zazzaɓin cizon sauro da taifot da gudawa, ciwon da ke yin sallama kafin ya shigo. Jiki ya yi zafi, kai ya sara, ka kwanta, ka sha magani kwana uku ka miƙe. Da wannan mudun muke auna kowace cuta. Amma cututtukan da ke kama mutum daga shekara 40 zuwa sama ba sa sallama. Hawan jini yana iya shekara 10 a jikin mutum bai taɓa sa masa ko ciwon kai ba. Zuciya tana tura jini da ƙarfin da ya wuce ƙima, namanta ya yi kauri, daga baya ta gaji. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na bayan ido suna shan matsin nan dare da rana, har bangonsu ya taurare, hanyar ta ƙuntace. Ranar da guda ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ita ce ranar da ake cewa "lafiya lau muka rabu da shi da safe". Ba ƙarya suka yi ba, haka suka gan shi. Ka san yadda gara ke cin katakon rufi: daga waje fes, sai ranar da aka yi ruwa mai nauyi ɗakin ya rufta.

An yi wani babban bincike a asibitocin Najeriya da Gana mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, kuma Kano da Zariya suna cikin wuraren da aka tattara marasa lafiya. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki da hawan jini, sannan matsakaicin shekarun waɗanda abin ya kama bai kai 60 ba. Wato ba ciwon tsofaffi tukuf ba ne, sa'o'inka da yayyenka yake kwantarwa, masu 'ya'ya a makaranta.

Yanzu ga lambarka. Ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka, naka kuwa ya wuce da nisa. Gaskiya ne awo ɗaya a kyamis, zuciya cike da firgicin abin da ya sami aboki, bai isa a yanke hukunci ba. Amma kada ka fake da wannan. Ka sayi na'urar awo irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. In damtsenka mai kauri ne ka nemi babban maɗauri, don ƙarami yana ƙara lamba. Kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai tsada guda ba. Ka fara yin fitsari, kada ka sha shayi ko ka ci goro rabin awa kafin awon, sannan ka zauna a kujera minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba taɓa waya. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da dare, ka rubuta a takarda. In matsakaicin awon gida ya kai 135 bisa 85, hawan jini ne. Da irin lambarka, awon kwana uku ya isa ka ɗauki takardar ka ga likita cikin makon nan. Za a duba fitsari ko ƙoda ta fara zubar da furotin, a ɗebi jini a auna aikin ƙoda da suga da kitse, a yi hoton bugun zuciya. Ka je ba ka karya ba, safiya ɗaya ce. In kuwa wata rana ka ga 180 bisa 120, musamman tare da sarawar kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani dishi-dishi, ba a jiran gari ya waye.

An gaya maka in ka fara magani ba ka dainawa. Ga mafi yawan mutane haka ne, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai mutane suna jin maganar kamar maganin ne ke kama jiki, irin yadda ƙwayar maye ke yi. Hawan jinin ne ba ya tafiya. Maganin danne shi yake yi na yini da kwana, shi ya sa gobe sai an sake. Kamar tabarau ne, in ka cire ido ya koma yadda yake, amma ba tabaraun ne ya lalata shi ba. Abin da na fi gani yana kwantar da mutane shi ne su sha wata biyu, su auna su ga 125 bisa 80, su ce an warke, su ajiye. Alhali lambar ta sauka ne don maganin yana aiki. Wanda ya rage ƙiba sosai, ya rage gishiri, yana tafiya kullum, yakan kai inda za a rage masa ƙwaya, amma likita ne zai rage, da awo a hannu.

Magungunan kuma an gwada su a jikin irinmu. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Da lamba irin taka yawanci da magani biyu ake farawa, sau da yawa a haɗe cikin ƙwaya guda, sau ɗaya a rana. Amlodifin yakan sa wa wasu kumburin idon sawu, lisinofiril yakan sa busasshen tari, kuma duk wanda ya dame ka akwai madadinsa. Azumi ma ba ya hana shi, ana mayar da shi sahur ko bayan shan ruwa, sai dai a yi shawarar tun cikin Sha'aban, musamman in akwai mai sa yawan fitsari a ciki kuma azumin na zafi ne.

Batun ƙarfin namiji, na ji daɗi da ka faɗa, don maza da yawa saboda shi suke ajiye magani su yi shiru. Akwai wasu tsofaffin magunguna da kan jawo hakan ga wasu. In ka gani ka gaya wa likita ya canza maka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma babban ɓarawon ƙarfin namiji a shekarunka hawan jinin ne kansa, da ciwon suga. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara ƙuntacewa. Shi ya sa in ɗan shekara 45 ya ce mini ya ga rauni, kafin komai jininsa da sugansa nake aunawa. Ina roƙonka ka nisanci haɗe-haɗen da ake tallatawa da lasifika a bakin kasuwa da tasha. An sha gano irinsu an cusa musu maganin asibiti a ɓoye ba tare da sanin adadi ba, kuma mai ciwon zuciya da ke shan wasu magunguna yana iya faɗuwa da su. Sannan maganinka naka ne kai kaɗai. Kada uwargida ko amarya ta ce kanta na ciwo ka ɓalle mata ƙwaya, lisinofiril da danginsa suna illata ɗan tayi.

A majalisa ba za a rasa mai cewa ciwo da mutuwa na Allah ne ba. Na Allah ne, babu ja. Amma Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci bayin Allah su yi magani, kuma ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Mai faɗin waccan magana ma bai taɓa barin shagonsa a buɗe ya tafi gida ba, kwaɗo biyu yake sawa ya kuma biya mai gadi.

Sai babbar tambayarka, wadda ta fi ta magani wuya. Bari in gaya maka abin da nake gani bayan an kwantar da irinka. Makon farko ɗakin cike yake da 'yan dubiya, kulolin abinci har ba wurin ajiyewa. Wata na biyu sai matan da babban ɗa. A lokacin ake gano ba wanda ya san wa ake bi bashi, wa ke bi, nawa ne kayan da ke hanya, duk lissafin yana kan mutumin da yanzu harshensa ba ya juyawa. Masu tsoron Allah su kawo abin da ke hannunsu, marasa shi su yi gum. A sayar da fili, a sayar da mota. Yaron da ke jami'a ya dawo ya zauna a shagon da bai san kansa ba. Na ga wannan ya fi a ƙirga, kuma har yau in na gani sai ya hana ni barci. Tambayarka ta "wa zai riƙe gidan" tambaya ce ta gaske, amma ba safiyar da ka je asibiti za a yi ta ba, ranar da aka kwantar da kai za a yi ta. Mutum kusan 15 da ke ci a hannunka su ne suka mayar da lafiyarka amana a wuyanka. Saurayi ɗan shekara 25 in ya yi wasa da jikinsa kansa ya cuta. Kai in ka yi, da su ka yi.

Kai ɗan kasuwa ne, mu yi lissafi. Mako yana da awa 168. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. Ka haɗa da awo da shan ƙwaya, ka ce awa uku. Wanda ƙodarsa ta mutu kuwa, wankin ƙoda kimanin awa huɗu ne a zama ɗaya, sau biyu ko uku a mako, ban da hanya da layi da gajiyar da ke biyo baya, ban da kuɗin da ke cinye jari cikin 'yan watanni. Akwai hadisin Ibn Abbas a Bukhari, cewa ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a kansu, lafiya da sarari. Kalmar da ta zo a ciki ta 'yan kasuwa ce, magbun, wanda aka ƙware a ciniki, ya saki kaya mai daraja da arha bai sani ba. Na san a kasuwa ba ka yarda a yi maka haka.

Lokaci ba ya ragowa da yamma kamar canji. Sai ka cire shi daga wani wuri, kuma ka san wurin da sunansa. Wuri na farko da nake nuna wa mutanena shi ne bayan sallar asuba. Kasuwa ba ta ci a lokacin, rana ba ta yi zafi ba. In ka idar da azkar ka zaga unguwa rabin awa, da saurin da za ka iya hira amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Kwanakin farko masu mota za su riƙa tsayawa, "Alhaji lafiya? Zo a rage maka hanya." Ka yi godiya ka wuce. In ka samu maƙwabci ɗaya kuka ɗaure wa juna, ya fi ɗorewa, don ranar da kasala ta kama ka shi zai ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma ka ɗauki tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya. In ya kai santimita 94 ka fara shiga haɗari. Tumbin da ake yi wa kirari da alamar hutu, kitsen da ke cikinsa shi ke tura suga da jini sama.

Wuri na biyu dare ne. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7. Wanda zai tashi asuba wajen ƙarfe 5, ƙarfe 10 ya kamata ta same shi a kwance, in ya so ƙailula ta cike abin da ya rage. Yanzu ka duba da gaskiya abin da ke tsakanin dawowarka da barcinka. Mafi yawan waɗanda suka ce mini ba su da lokaci, in muka buɗe wayarsu sai mu tarar da awa biyu ko uku a WhatsApp da Facebook da TikTok kowane dare. Ba na cewa ka jefar da waya, da ita kake ciniki. Ka sa mata lokacin rufewa kamar shago. Sannan ka tambayi iyalinka yadda kake barci. In sun ce kana minshari mai ƙarfi, numfashi yana ɗaukewa sai ka zabura, kai kuma kana gyangyaɗi da rana, ka faɗa wa likita. Wannan ciwo ne da ake magancewa, kuma yana cikin abin da ke hana jini sauka ko ana shan magani.

Wuri na uku shi ne shagon kansa, kuma a nan na fi samun tirjiya. Mutanenmu suna riƙe kasuwa a ka da aljihu. Yaron shago ya shekara 10 bai san farashin sari ba, ɗa ya girma bai taɓa ganin littafin bashi ba. Na san dalili, an sha cin amana. Amma shagon da ba zai iya yini ɗaya ba sai da kai, shago ne da zai faɗi ranar da ka faɗi. Ka zaɓi mutum ɗaya, ɗa ko ƙane ko yaron da ya daɗe, ka fara sakar masa yammacin rana guda a mako, kana duba lissafi washegari. Zai yi kuskure, za ka yi asarar 'yan kuɗi, ka ɗauke ta kuɗin makaranta. Ka rubuta bashin da kake bi da wanda ake binka, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ka rubuta wasiyya, ka sanar da wani amintacce inda takardun fili da na banki suke. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rubuta wasiyya bai taɓa matso da ajalin kowa ba. Haka ɗaurin aure da suna da walima. Zumunci wajibi ne, amma ba kowane kati ne ke buƙatar ƙafarka ba. Wani waya da saƙo sun isa, mai hankali zai yi maka uzuri.

Abinci kuwa, wahalarsa ita ce tukunyar ba a hannunka take ba. Gishirin da aka yarda wa babban mutum bai kai giram 5 a yini ba, ƙasa da cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye. Kusan rabin ƙwayar magi gishiri ne. Ga garin ɗanɗanon indomi, ga biredi, ga yajin tsire da kilishi, ga kanwa da ake jefawa a wake da miyar kuka, ita ma dangin gishiri ce a wajen jini. Shawarata ka zaunar da matanka biyu tare, lokaci guda, ka nuna musu takardar awon, don kada ɗaya ta ɗauka girkinta ka raina. Kuma kada a ware maka tukunya, ba ta ɗorewa, sannan 'ya'yanka jininka ne, su ma ragin zai amfane su. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, cikin 'yan makonni harshe ya saba. Binciken nan na SIREN ya ga masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar jiki, mu kuwa Allah ya hore mana zogale da rama da alayyahu. Kwaɗon zogale da ƙuli, ɗanwake, tuwon dawa ko na gero sun fi farar shinkafa da taliya safe da rana da dare. Lemon kwalba mai rabin lita yana ɗauke da sukari kimanin giram 50, kusan cokalin shayi 12, kuma na san a shago duk baƙon da ya zo sai an sayo, maigida ya taya shi sha. Ka sayo wa baƙo, kai ka sha ruwa. Zoɓo marar sukari yana ɗan taɓa jini, ka sha don daɗi, amma ba ya maye gurbin ƙwaya.

Abu ɗaya da nake so ka daina daga yau shi ne haɗin ciwon jiki na kyamis. Yawanci akwai daikulofenak ko ibufurofen a ciki, wani lokaci duka biyun. Suna ɗaga jini, suna rage wa maganinsa ƙarfi, suna cin ƙoda da bangon ciki. In gajiya ce, barci take so. In ciwo ne, farasitamol ya fi maka aminci kafin ka ga likita.

Tunda za ka je asibitin, ka haɗa da sauran. Sugan da aka auna da safe kafin a karya in ya kai 126 ciwon suga ne, tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, kuma a nan ake iya juya shi. Ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B. Sai a 2004 aka sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a Najeriya, don haka sa'o'inmu ba su samu ba, kuma shi ma shiru yake yi har ya zama dajin hanta. In ba ka da shi a yi maka allura uku, in kana da shi a gwada iyalinka a riƙa bibiyarka. Ka je a auna maka hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe ba zafi, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. In fitsari ya fara yi maka wuya ko kana yawan tashi da dare, ka yi maganar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Matanka ma a auna jininsu, a duba mama da bakin mahaifa. Sau da yawa maigida yana samun kulawa, uwargida da ta haifi shida tana nan da nata ba wanda ya tambaya.

Ni kaina ina shan maganin hawan jini. Ina da shekara 43 aka kawo sabuwar na'ura ɗakinmu, wata ma'aikaciyar jinya ta ce bari ta gwada a hannuna, ta nuna 158 bisa 98. Na yi wata huɗu ina cewa gajiyar aikin dare ce. Abin da ya dawo da ni hayyacina tuna mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekara 6 a kwance, mu muke juya shi muna yi masa alwala. Ban so 'ya'yana su san ni a haka ba in akwai abin da zan iya yi. Ciwon nan yana bin jini, don haka ka sa ƙannenka ma su auna.

Akwai aya a Suratul Ahƙaf, ta 15, da ta ambaci shekara 40 ƙarara, ta koyar da addu'ar da mai wannan shekaru zai riƙa yi. In ka duba, iyaye suna ciki, zuriya tana ciki, shi yana tsakiya. Nan kake tsaye yanzu. Mahaifiyarka tana samun saƙonka kowane wata, na tabbata, amma yaushe rabon da ka kwana a gidanta ba don rasuwa ko biki ba? 'Ya'yanka tara, ƙananan suna barci kake fita, suna barci kake dawowa. Yaron da ke shekara 12 yau, nan da shekara 6 ya bar gida ko ya daina ba ka labari. Yammacin nan da za ka sakar wa yaron shago, kada ka mayar da shi wata harkar neman kuɗi. Ka ci abinci da su a tire ɗaya, ka saurari haddarsu, wani makon ka kama hanya ka je wurin Hajiya. Wannan ba magani ba ne da zan iya rubutawa a kati, amma na zauna a bakin gadon mutane da yawa a kwanakinsu na ƙarshe, kuma maganar da suka fi yi ta iyaye ce da 'ya'ya.

Ka koya wa gidanka da yaran shagonka alamomin shanyewar jiki: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta harɗe ko mutum ya kasa gane abin da ake faɗa. In an ga haka, ko da ya wuce bayan 'yan mintoci, babban asibiti za a nufa nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko nono, maƙogwaro ba ya haɗiya daidai a lokacin, abin huhu yake tafiya. A yi masa addu'a a cikin mota ana tafiya. Awannin da ake ɓatawa ana cewa shafar iska ce, ƙwaƙwalwa ce ke mutuwa a cikinsu.

Abokinka kuma bai ƙare ba. Watannin farko su ne jiki ya fi farfaɗowa, don haka ka tsaya a kan kada a daina kai shi gashi, kada a bar shi kwance yini guda, kuma kada a ajiye maganin jininsa, don wanda abin ya taɓa sau ɗaya ya fi kowa haɗarin na biyu. Yawancinsu baƙin ciki yana kama su in 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, shi ma yana rage saurin warkewa. Ka je masa ranar Juma'a, ka ba shi labarin kasuwa ko da bai iya amsawa ba, yana ji. Ka tafi da na'urarka, ka auna matarsa da ƙannensa da babban ɗansa kafin ka taso.